Maɓallin da Nake Riƙe wa Baba

Masu karatu, kafin ku fara wanke ni a wurin sharhi, ku tsaya ku ji ta bakina. Gaskiya ne akwai mutumin da yake sona, kuma gaskiya ne na daɗe ina ja masa rai. Amma ba yanga ba ce, ba kuma wani nake hange ba. Abin da ya tsare ni bai fi kan babban yatsa girma ba. Wani ɗan maɓalli ne a jikin kwamfutar mahaifina.

Ni ce auta a gidanmu, sunan kuma ya bi ni har kantin maganin da nake aiki, inda tsofaffi masu hawan jini suke shigowa suna tambayar ina Auta take. Yayyena duk sun watse, masu aure sun yi aure, babban yayanmu yana aiki a wani gari mai nisa. Saura ni da Umma da Baba a gida mai ɗaki uku, da falon da labulensa ya girme ni.

Baba a maɗaba'a ya ƙare ƙuruciyarsa, yana gyaran rubutu kafin a buga. Mutum ne da jan biro ba ya barin aljihunsa. Muna yara, idan ka rubuta masa takardar neman kuɗin littafi, sai ya gyara ta tukun ya dawo maka da ita ka sake, sannan a yi maganar kuɗi. Tafiya da shi a titi wahala ce, don kowane allon shago sai ya tsaya ya karanta, ya girgiza kai. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne a rubuta Hausa a bar haruffa masu ƙugiya tsirara, wato ƙ da ɗ da ɓ. Yakan ce wanda ya yi haka ya fita unguwa ne babu hula.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, wata safiya yana ɗaura agogo. Ya tafi da hannunsa na dama da ƙafar dama, ya tafi da maganarsa. Hankalinsa kuwa ko gezau, yana nan da kaifinsa. A hannun hagu yatsa ɗaya ne yake jin umarninsa, manuniya, sauran rawa suke yi. Biro ya gagara, haruffan waya sun yi masa ƙanana. Yaya ne ya zo da wata tsohuwar kwamfutar cinya, ya sa mata tsarin rubutun Hausa, ya ɗora ta a kan ɗan teburin da ake kai wa Baba abinci.

Kalmar farko da ya buga ita ce "sannunku". Umma ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta. Muna cikin murna ya so ya ce yana jin ƙishirwa, sai yatsansa ya tsaya cak a sama. A tsarin nan, kafin harafi mai ƙugiya ya fito, sai ka danne wani maɓalli da ke dama da doguwar sandar tazara, wanda aka rubuta Alt a kansa, ka riƙe shi, sannan ka taɓa harafin. Aikin yatsa biyu ne, shi kuwa Baba ɗaya gare shi. Yaya ya ce masa ya buga kawai babu ƙugiyar, ai za mu gane. Baba ya yi masa wani kallo da na tabbata har yau yana tuna shi, ya sa yatsa ya rufe murfin kwamfutar. Ranar bai sake ce mana komai ba.

Babu dabarar da ba mu gwada ba. Mun ɗora kwaɗon ƙofa a kan maɓallin, sai sauran haruffan suka rikice. Umma ta karɓi aikin riƙewa, amma ita idan ta danne sai ta manta ta saki, tana ba shi labarin maƙwabta, shi kuma yana huci. Ba su yi nisa ba ta miƙe ta ce ita aurensa ta yi, ba aikin maɗaba'a ta nema ba.

Haka aikin ya faɗo kaina. Ina zama ta damarsa, gefen da ba ya motsi, yatsana yana shawagi a kan maɓallin. Da farko sai ya kalle ni kafin in danna. A hankali na koyi karanta jimlarsa tun kafin ta gama fitowa, na san inda ya dosa, na san kalmar da yake so, sai in danne daidai lokacin da yatsansa yake sauka, in saki ya wuce. Idan na yi saurin dannawa, sai ya ɗan buge mini bayan hannu. Idan na dace a wuri mai wuya, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Wannan ɗan murmushin ya fi mini albashina.

Da rana ina kanti, Baba yana zaɓen kalmomi marasa ƙugiya yana jefa wa Umma su ɗaya ɗaya. Ruwa. Zafi. Bari. Umma ta ce da rana soja take aure. Amma da na dawo da la'asar na cire farar rigar aiki na zauna, sai bakin Baba ya buɗe. Ya ba da labarin maɗaba'a, ya tsokani Umma a kan gishirin miya, ya tambaye ni wa ya zo kanti yau da abin da ya saya. Duk wata magana mai daɗi da Baba ya yi tun da ya kwanta, ta ƙarƙashin yatsana ta bi.

To, ga shi kuma wancan bawan Allah.

Malami ne a makarantar yara masu lalura, waɗanda ba sa ji da waɗanda gaɓoɓinsu ba su cika ba. A kanti muka haɗu, ya zo saya wa wani ɗalibinsa magani, ya tsaya yana karanta takardar cikin kwalin tun daga sama har ƙasa, har na ce masa ko jarrabawa za a yi masa a kai. Dogo ne, baƙi, rigunansa ba su da yawa amma kullum a goge suke har karin guga yana iya yanka mutum. Yana da wani tsohon babur da tun daga kan kwana ake jin tarinsa. Ba ya gaggawar magana, ina jin zama da yaran nan ne ya koya masa jira. A wayata ma sunan da na sa masa ke nan, Mai Jira.

Yakan zo gaishe da Baba, ya zauna a kan tabarma ya naɗe dogayen ƙafafunsa, ya jira Baba ya gama buga jimla komai tsawonta, bai taɓa ƙarasa masa kalma ba. Umma ta riga ta ba shi zuciyarta tun ranar da ya gyara mata ƙafar kujera ba tare da an roƙe shi ba. Ni ma, tunda na ce zan faɗi gaskiya, ina son sa. Ina son sa sosai, har idan na ji tarin babur ɗin nan sai na duba madubi.

Matsalar ta taso ne ranar da saƙonsa ya shigo ina tsakiyar jera kwalaben maganin tari.

"Auta, an buɗe wa makarantarmu reshe a wani gari. Ni aka ba riƙonsa. Da an koma hutu zan tafi."

Na karanta na sake karantawa, na rubuta masa, "Allah ya sanya alheri."

"Amin. Ina so magabatana su zo kafin in tafi. Amma sai kin ce su zo."

"Ka san halin da Baba yake ciki."

"Na sani."

"Idan na tafi wa zai riƙe masa?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Can sai ga shi: "Ki ci abinci dai. Na san ba ki ci ba."

Kun ji irin mutumin. Da ya yi fushi ma da na samu abin kamawa.

Umma kuwa ba ta da irin haƙurinsa. Tun da ta ji labarin tafiyar, ko tsintsiya na ɗauka sai ta sako maganar. Ta ce mutum irin wannan ba a ajiye shi a bakin ƙofa kamar takalmi. Ta ce ita ce matar Malam, ita ya kamata ta damu, ba ni ba. Na ce mata idan na tafi Baba zai koma ruwa, zafi, bari, har ƙarshen rayuwarsa. Ta san gaskiya na faɗa, sai ta juya ta hau goge murhun da ta riga ta goge.

Ana haka, wata Laraba mai kanti ya sallame mu da wuri saboda masu fenti za su yi aiki. Na iso gida rana tana tsaka. Umma ta shiga maƙwabta, gidan tsit. Zan wuce ta gefen tagar falo ke nan na ji ƙarar maɓallai, ƙwas, ƙwas, a natse, ba irin ta mai jefa kalma ɗaya ba. Na leƙa ta inda labule ya ɗan yaye.

Baba ne shi kaɗai, gilashinsa a kan karan hanci. Ina kallo ya kai yatsa kan maɓallina, ya danna, ya ɗaga. Sannan ya tafi a hankali ya taɓa harafin. Sai ga ƙ ta fito da ƙugiyarta, tsaf. Ya ci gaba. Shafin ya kusa cika, kuma daga inda nake ina hango ƙugiyoyi birjik. Gefen bakinsa a ɗage yake, irin ɗagawar da na ɗauka ni kaɗai ake yi wa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Sallamar Umma daga bakin ƙofa ce ta farkar da ni, shi ma ita ta farkar da shi, don kafin mu shiga falo ya rufe shafin ya jingina, ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi.

Da la'asar na yi wanka na sa doguwar rigata ruwan toka, na zo na zauna ta damarsa. Ya fara bugawa. Da ya iso kalma mai ƙugiya sai ya tsaya, yatsa a sama, ya juyo ya kalle ni da idon nan na mai neman taimako. Wallahi da a fim ne da an ba shi kyauta. Ni kuma na danne masa, ya wuce. Muka yi hirarmu kamar kullum, har ya buge mini hannu sau ɗaya wai na yi sauri.

Ina shiga ɗaki na jawo waya na rubuta wa Mai Jira, don shi kaɗai nake zargi.

"Me ka yi wa kwamfutar Baba?"

Wannan karon bai ɓata lokaci ba. "Kin gani ke nan."

Ya ce wata Asabar ce ina kanti ya zo gaisuwa, ya tarar da Baba yana ta fama, yana son ya gaya wa Umma ƙafarsa tana ciwo, ya rasa kalmar da zai kauce da ita. Sai ya tuna da wani saiti da suke kunna wa ɗalibansu masu hannu ɗaya, wanda yake sa maɓallin ya riƙe kansa idan an taɓa shi, ya jira harafin da zai biyo baya. A cikin kwamfutar yake tun asali, babu wanda ya sani a gidanmu. Ya kunna, ya nuna wa Baba. Ya ce Baba ya buga ƙ ya fi a ƙirga, yana dariya har da hawaye. Da zai tafi sai Baba ya rubuta masa cewa kada Auta ta ji.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin maganar tafiyata."

Na zauna a bakin gado. Wato ranar da na tambaye shi wa zai riƙe wa Baba, amsar tana hannunsa. Kalma ɗaya zai faɗa hujjata ta rushe, magabatansa su zo.

"Me ya hana ka gaya mini? Ai kai abin zai amfana."

"Maganar Baba ce, ba tawa ba. Kuma ba na so ki zo don an ƙure ki."

Na kifa wayar a kan filo. Masu karatu, ban san me ya fi yawa a zuciyata ba a lokacin. Na ji daɗi Baba ya samu bakinsa. Na ji haushi an yi abin ba da ni ba. Na ji son mutumin nan ya ƙaru har ya ba ni tsoro. Sannan can ƙasa akwai wani abu mai kama da na wanda aka kora daga aiki ba a gaya masa ba, yana ta zuwa ofis kullum da goge takalmi.

Na gane dalilin Baba ba tare da an faɗa mini ba. Idan na san ya iya, zan dawo daga kanti in leƙa in ce sannu Baba, in wuce ɗaki da wayata, kamar yadda 'ya'yan kowa suke yi. Maɓallin ne yake zaunar da ni kafaɗa da kafaɗa da shi. Ni ma kuma ban ce masa na gani ba. Muka ci gaba, shi yana yi kamar bai iya ba, ni ina yi kamar ban sani ba, hutun makaranta kuwa yana ta ƙarewa.

Sai Gwaggo ta zo.

Gwaggo yayar Baba ce, ita ta goya shi, kuma har yau kallon yaro take yi masa. Tun daga ƙofar gida ake sanin ta iso, ga ƙamshin turare, ga ƙarar awarwaro, ga mayafi mai duwatsu da take ja kamar ba da kuɗi aka saya ba. Ta zauna a kujerar da Mai Jira ya gyara, ta ƙi shayi, ta ƙi ruwa, ta ce ba zama ya kawo ta ba. Ashe wata gwaggon Mai Jira ƙawarta ce, sun haɗu a asibiti wurin awon sukari, matar ta ce mata su fa ba sa son su matsa, amma idan ba a yi da ɗansu a gaya musu, su san inda suka dosa.

Aka kira ni. Na zo na zauna a wurina, ta damar Baba, na sunkuyar da kai. Gwaggo ta fara da ni. Ta ce shekaruna sun kai in san abin da nake so. Ta ce sa'o'ina suna kai yara makaranta, ni ina nan ina gadin kwamfuta. Ta tambaye ni ko yaron yana da wani aibu, na ce babu. Ko ba na son sa, na yi shiru, Umma ta amsa mini da cewa shirun nan nawa ta san shi. Daga nan Gwaggo ta juya kan ƙanenta.

"Kai kuma, don ciwo ya same ka sai ka ɗaure yarinya a ƙafar tebur? Ƙugiya ce za ta aure ta? Ka rubuta yadda kowa yake rubutawa mana, duniya ta tashi?"

Na ga yatsan Baba ya fara rawa a kan cinyarsa. Raina ya ɓaci, na manta da ladabi na ɗago kai.

"Gwaggo, ba shi ya riƙe ni ba. Ni ce ba zan iya tafiya ba. Idan na tafi babu mai riƙe masa, ba zai iya magana ba."

Na faɗa da ƙarfin gwiwa, alhali na san ba haka ba ne. Na faɗa ne don in rufa masa asiri, kuma in rufa wa kaina. Gwaggo ta buɗe baki za ta ci gaba, sai Baba ya jawo ɗan teburin da yatsa ya ɗaga murfin kwamfutar. Kowa ya yi shiru, don a gidanmu idan Baba ya ɗaga murfin nan, daidai yake da gyaran murya.

Na kai yatsana kan maɓallin kamar kullum. Sai na ji hannunsa a kan nawa. Ba bugu ba ne wannan karon. Ya kama hannun da yatsunsa masu rawa, ya ɗauke shi daga kan kwamfutar, ya ajiye mini shi a kan cinyata, ya ɗan danna kamar mai cewa zauna nan. Sannan ya koma, ya taɓa maɓallin, ya ɗaga, ya taɓa harafi. Umma ta matso tana karantawa a fili, don idon Gwaggo ba ya ganin allo.

"Na ƙware. Na sallami ma'aikaciyata."

Umma ta dafe ƙirji ta ce, Malam, tun yaushe. Bai kula ta ba, ya ci gaba, a hankali, harafi bayan harafi, falon babu abin da ake ji sai ƙwas ɗin maɓalli da awarwaron Gwaggo.

"Yaron ne ya koya mini. Na ɓoye don daɗin zama da ita. Kada a ƙara ɗora mata laifi."

Muryar Umma ta karye a tsakiyar karatun. Gwaggo ta cire gilashi ta goge da bakin mayafi, ta ce ita dama ta san tun yana yaro munafuncinsa a shiru yake yin sa, amma a muryarta babu sauran faɗa. Ni kuwa hawaye ne kawai suke sauka a kan hannun da aka ajiye mini. Baba ya juyo ya kalle ni, ya buga wani layin, wannan bai bari Umma ta karanta ba, ya karkato allon ta wajena.

"Na ga inuwarki a taga ranar Laraba. Kin iya ɓoyo, amma ba ki kai ni ba."

Dariya ta ƙwace mini a cikin kukan, har na shaƙe. Ashe duk kwanakin nan ya san na sani. Ya bar mu muna wasanmu ne don shi ma bai shirya ba, sai da ya ji na yi ƙarya saboda shi a gaban yayarsa.

Layin ƙarshe na kowa ne: "A kira yaron. Yau."

Na shiga ɗaki na tura wa Mai Jira saƙo. "Baba yana kiranka." Ya amsa da "To", ko tambayar lafiya bai yi ba. Na buɗe akwati na rufe, na sake buɗewa. Na sa riga mai ruwan ganye, na cire, na sa mai ruwan zuma wadda ya taɓa cewa ta yi kyau, a iya sanina ita ce kaɗai rigar da ya taɓa yi wa magana. Na ɗaura ɗankwali ya ƙi zama, Umma ta shigo ta karɓa ta ɗaura mini, ta gyara mini wuyan riga, ta ɗan daɗe hannunta yana kafaɗata.

Rana ta yi sanyi lokacin da muka ji tarin babur daga kan kwana. Ya shigo da farar riga mai dogon hannu, ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ita kuma ta bi shi da kallo tun daga sama har ƙasa, ta ce tsawon dai ya isa. Ya gaida Umma, ya matsa gaban Baba ya naɗe ƙafafu. Ni ko kallona bai yi ba, amma na ga kunnensa yana sauraren inda nake.

Na nufi wurina ta damar Baba, ƙafata ta riga ta saba. Baba ya ɗaga yatsa ya nuna ƙofa. Na ɗauka Umma da Gwaggo yake nufi, na tsaya. Ya sake nunawa, yana kallona ni. Gwaggo ta ja hannuna ta ce in zo mu ba maza wuri, Umma ta jawo ƙofar falon ta rufe.

Suka wuce kicin, ni na kasa. Na haɗa shayi na ɗauko a tire, na zo na tsaya a bakin ƙofar da aka rufe. Ina jin ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ɗan tsayawa, wanda na san na taɓa maɓallina ne, sai a ci gaba. Maganar ta yi tsawo. Na ji Mai Jira ya yi dariya ƙasa ƙasa. Aka sake bugawa, wannan karon ya fi tsawo, babu dariya a bayansa. Sai muryarsa can ciki, ban ji kalmomin ba, na dai ji ta canja.

Tun da Baba ya kwanta, bai taɓa yin doguwar magana ban san ƙarshenta tun kafin ya kai ba. Yau ga shi yana magana a kaina, da mutumin da nake so, ni kuma ina waje da tire, ko kalma ɗaya ban sani ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Amma a cikin ciwon na ji wani nauyi ya sauka daga wuyana, wanda ban san ina ɗauke da shi ba sai da ya sauka. Baba zai iya cewa ƙafarsa tana ciwo ko ina gari ko ba na nan.

Shayin ya huce a hannuna kafin ƙofar ta buɗe. Mai Jira ne, ya sunkuyo saboda tsawonsa, idanunsa sun yi ja, yana ƙoƙarin murmushi.

"Me ya ce maka?" na tambaya a hankali.

"Wannan tsakanina da shi ne." Ya karɓi tiren daga hannuna. "Ya ce ki shigo. Ya ce shi ya gama nasa, ni ma na faɗi nawa, saura ke. Kuma ya ce kada ki sake ki sa shi a cikin amsarki."

Na leƙa ta gefen kafaɗarsa. Baba ya rufe murfin kwamfutar, ya ɗora hannunsa a kai, yana kallon ƙofa yana jira. A falon nan kaf, ni kaɗai ce mai bakin da bai yi magana ba.

Na goge tafin hannuna a jikin rigar mai ruwan zuma, na cire takalmi, na shiga.